Ƙungiyarka Ta Ƙi Ci: Ina Iyakar Haƙuri, Ina Iyakar Fushi?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo a gidajen kallon ƙwallo na Sabo. Da wasa da dariya ake yin ta, amma in aka zauna aka dube ta da kyau, za a ga tana da nauyi. Mutumin da ƙungiyarsa ta shafe shekaru tana ƙona masa rai, me ya kamace shi? Ya ci gaba da zama a benci yana haɗiyar takaici duk mako, ko ya tattara ya koma inda ake ɗaga kofi? In ya zauna, mai amana ne ko wawa? In ya tashi, dabara ya yi ko gudu? Sannan wannan fushin da ke cin sa, a kan wa ya dace ya sauke shi?

Za mu ɗauki Manchester United mu yi misali da ita. 'Yan United ku yi haƙuri, ba adawa muka zo yi ba. Kuna da yawa a unguwar nan, kuma a 'yan shekarun nan babu wanda ya kai ku sanin ɗacin wannan ciwo.

A watan Mayun 2013 Alex Ferguson ya ajiye aiki, bayan ya ci wa ƙungiyar gasar Firimiya sau 13. Kofin da ya yi bankwana da shi shi ne na 20 a tarihinta. Daga nan zuwa ƙarshen 2024 an ɗauki masu horarwa shida na dindindin: David Moyes, Louis van Gaal, Jose Mourinho, Ole Gunnar Solskjaer, Erik ten Hag da Ruben Amorim, ban da na riƙon ƙwarya. An zubar da kuɗi kamar ba a san zafinsu ba. An sayi Harry Maguire fam miliyan 80 a 2019, an sayi Jadon Sancho fam miliyan 73 a 2021. An ɗan lashi zuma nan da can, kamar kofin Europa na 2017 da kofin FA na 2016 da na 2024, amma Firimiya ta ƙi dawowa. A watan Maris na 2023 Liverpool ta zazzaga mata bakwai ba ko ɗaya a Anfield. A kakar 2024/2025 ta ƙare a ta 15 da maki 42, an doke ta sau 18 cikin wasa 38, matsayi mafi muni tun faɗuwarta daga babban rukuni a 1974. A tsakiyar kakar kocinta da bakinsa ya ce mai yiwuwa su ne 'yan wasa mafi rauni da ƙungiyar ta taɓa haɗawa. Tottenham ta doke ta ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe na Europa a Bilbao. Da sabuwar kaka ta kama, sai Grimsby Town, ƙungiyar rukuni na huɗu, ta yi waje da ita daga ƙaramin kofi a bugun fenariti. Wanda ya kalli wannan duka yana zaune a benci cikin zafi da ƙarar janareta, bayan ya biya kuɗin shiga daga guminsa, ba za a ce masa kada ya ji haushi ba.

Mun san abin da dattawanmu kan ce: "Ƙwallon da ake bugawa a Ingila, Turawan da ba su san kana duniya ba, mene ne naka a ciki?" Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma za mu dawo kanta. Amma ba ta kawar da ciwon. Ɗan Adam an gina shi ne da son jingina da wani abu da ya fi shi girma, ya ce "mu" a inda shi kaɗai ba zai iya komai ba. Ku saurari yadda muke magana bayan wasa: "mun ci", "an cuce mu", "ba mu da 'yan baya". Mai sayar da goro da ɗan canji da ɗan acaba, kowa ya zama "mu". Wanda ya shigar da kansa cikin "mu" ya buɗe wa zuciyarsa ƙofar da daɗi zai shigo, kuma ta nan ɗin dai baƙin ciki zai biyo. Saboda haka fushin magoyin baya ba hauka ba ne. Alama ce cewa abin ya shiga ransa.

To amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: me muka so tun farko? Yawancin 'yan United na unguwar nan ba gadon ƙungiyar suka yi ba. Wani ya kamu ne a daren 1999, lokacin da Sheringham da Solskjaer suka juya wasa a kan Bayern Munich a mintunan ƙarin lokaci. Wani a 2008 a Moscow, daren da John Terry ya zame. Wani saboda Ronaldo, wani saboda Rooney. Haka 'yan Chelsea suka yawaita a zamanin Drogba da Mikel Obi, haka 'yan Arsenal a zamanin Kanu da Henry. Kusan dukanmu mun shigo ne ta ƙofar nasara. Muddin ƙungiya tana ci, babu yadda za a yi mutum ya bambance ko ƙungiyar yake so ko cin da take yi, domin abubuwan biyu a cuɗe suke. Sai ranar da cin ya tafi ya bar ƙungiyar tsirara sannan kowa zai san abin da ke ransa. Wannan ne ya sa muke cewa lalacewar ƙungiya jarrabawa ce ga magoyin baya kafin ta zama jarrabawa ga koci.

Nan wani zai ce, to wai mece ce ma ƙungiyar da ake cewa a riƙe mata amana? Tambaya ce mai kyau. Babu ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka buga wasan 1999 da ke bugawa yau. Koci ya canja, masu ƙungiya sun canja. Sunan ma ba shi ne na asali ba: ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka kafa ta a 1878 da sunan Newton Heath, sai a 1902 ta koma Manchester United. A 1958 hatsarin jirgin sama a Munich ya kashe 'yan wasanta takwas, aka sake gini, shekara goma bayan nan ta ɗauki kofin Turai. In duk wannan ya canja, me ya rage? Mu a Sabo bai kamata wannan ya ɗaure mana kai ba. Waɗanda suka kafa unguwar nan fiye da shekara ɗari da suka wuce duk sun kwanta dama, gidajen ƙasa sun koma na bulo, sana'o'i sun sauya, amma babu wanda ya taɓa cewa wannan ba Sabo ba ce. Abin da ke riƙe suna shi ne mutanen da ke miƙa wa juna labari, na baya ya karɓa daga na gaba. Ƙungiya ma haka take. Magoya baya ne ke ɗauke da ita daga zamani zuwa zamani, su ne kaɗai ba a sayarwa a kasuwar 'yan wasa.

Yanzu mu koma ga maganar dattawa, cewa ƙungiyar ba ta san da mu ba. Gaskiya ne, amana ta saba zama tsakanin mutum biyu da suka san juna. Iyalan Glazer na Amurka da suka sayi United a 2005 da bashi suka saye ta, suka kuma ɗora bashin a wuyan ƙungiyar da a da ba a bin ta komai. An yi shekaru ana biyan kuɗin ruwa, rufin Old Trafford kuwa har yoyo ya yi a gaban kyamara. Da Jim Ratcliffe ya sayi kaso sama da ɗaya bisa huɗu a 2024, abin da aka fara gani shi ne sallamar ɗaruruwan ma'aikata da ƙarin kuɗin tikiti. Mutanen da suka yi wa 'yan garin Manchester haka, mu da ke Ibadan a wane lissafi muke? Ba mu ce babu ɗan mutunci ko kaɗan ba. A Afrilun 2017, da wayar wuta ta faɗo kan wani gidan kallo a Kalaba ana kallon wasan United da Anderlecht, mutane suka rasu, ƙungiyar ta yi ta'aziyya. Kuma da Odion Ighalo, ɗan Ajegunle da ya tashi yana goyon bayan United, ya sa jesinta a 2020, da yawanmu mun ji kamar namu ne ya shiga gida. Amma a dunƙule, kamfani ce, mu kuma masu kallo ne. Ba ta yi mana alkawari ba, ba ta bin mu bashi.

Bashin yana wani wuri dabam, kuma kusa da mu yake. Yana kan bencin da muke zama. Ku tuna Agustan 2011, da United ta ci Arsenal takwas da biyu. Ku tuna shekara tara da Arsenal ta yi ba kofi, daga 2005 zuwa 2014, da irin abin da 'yan Arsenal suka sha a bakin 'yan United a teburin mai shayi. Ku tuna shekara talatin da 'yan Liverpool suka yi suna jiran kofin lig, daga 1990 har 2020, ana ce musu sai dai su ba da labarin kakanni. Waɗannan mutane sun zauna sun sha, ba su gudu ba. Adawar ƙwallo kamar adashi take: kowa yana zubi, kowa yana da ranar ɗauka. Wanda ya kwashe shekaru yana yi wa maƙwabta dariya, ranar da layi ya zo kansa sai aka wayi gari ya sa shuɗiyar riga ya ce shi ai tun da can yana son Manchester City, wannan ya ci adashi ya gudu ranar zubi. Ba Glazer ya ci amana ba. Abokan zamansa ya cuta, domin ya karɓi daɗin wasan ya ƙi biyan kuɗinsa. Shi ya sa ko a cikin raha ba a ganin mai canja sheƙa da daraja, kuma ƙungiyar da ya koma ma ba ta yarda da shi. Sun san ranar da tasu ta zo, zai sake tattara tabarmarsa.

Kada a ɗauka muna cewa ƙwallo aure ce ko zumunci. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma ƙungiyar ƙwallo ba hannu ba ce. Mutumin da ya ga abin yana taɓa lafiyarsa, hawan jininsa yana tashi, barci yana gagararsa, ko ya ga lokacin da yake ɓatawa ya fi ƙarfin aljihunsa, ya ce ya daina kallo, wannan bai ci amanar kowa ba. Hankali ya yi, a jinjina masa. Daina kallo daban, canja sheƙa daban. Na farko ya ajiye kaya ne don sun yi masa nauyi. Na biyu yana son a riƙa ganin sa kullum a gefen masu nasara, ko su wane ne. Abin da ya sa muke tsayawa a kan wannan shi ne, hali ba ya zama a ɗaki ɗaya. Ba mu ce duk wanda ya canja ƙungiya zai yar da abokinsa ranar da kasuwa ta juya masa baya ba. Amma wanda ya saba wa zuciyarsa cewa mafita daga kunya ita ce komawa wajen mai ci, ya yi wani atisaye, kuma ba mai kyau ba.

To wanda ya zauna fa, sai ya yi shiru? Nan ma akwai gyara. A cikinmu akwai 'yan amshin Shata, waɗanda duk kocin da aka kawo sai su ce a ba shi lokaci, duk wanda ya yi suka sai su ce ba ɗan ƙungiya ba ne na gaske. Hujjarsu kullum ɗaya ce: ai Ferguson ma ya zo a Nuwambar 1986, bai ɗauki kofi ba sai 1990, bai ci lig ba sai 1993. Gaskiya ne. Amma labarin mutum ɗaya da haƙuri ya yi wa rana ba ya zama hujjar cewa kowa aka jira zai zama Ferguson. So hana ganin laifi, in ji masu magana, kuma son da ya kai mutum ga kiran baƙi fari ya zama cuta. Wanda ya ga 'yan wasa suna tafiya a fili kamar masu zuwa ɗaurin aure, ya ga an sayi ɗan wasa da kuɗin da zai gina asibiti alhali bai iya tsayar da ƙwallo ba, yana da haƙƙin ya faɗa. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

'Yan garin Manchester sun nuna yadda ake haɗa zama da suka. A 2005 wasu daga cikinsu suka ƙi amincewa da cinikin Glazer har suka kafa tasu ƙaramar ƙungiya, FC United of Manchester, wadda magoya baya ke mallaka. A 2010 dubbai suka riƙa shiga fili da gyale mai launin kore da ruwan ɗorawa, launin Newton Heath, don su ce muna son ƙungiya amma ba ma son masu ita. A Afrilun 2021, da manyan ƙungiyoyi goma sha biyu suka yi yunƙurin ɓallewa su kafa gasar Super League, boren magoya baya a Ingila ya taimaka wajen rusa shirin cikin kwana biyu zuwa uku. Waɗannan mutane sun san inda matsalar take, kuma can suka nufa da fushinsu.

A nan ne tamu matsalar ta bambanta da tasu, kuma a nan muke son mai karatu ya tsaya. Fushin ɗan Manchester yana da adireshi. Zai iya ƙin sayen tikiti, zai iya ɗaga kwali a ƙofar fili, daraktoci su gan shi ta taga. Fushinmu ba ya isa Old Trafford. Duk ihun da za mu yi a Sabo, ko Mokola ba zai wuce ba. Fushi kuwa ba ya ɓacewa don ya rasa wanda ya jawo shi. Sai ya nemi wanda ya fi kusa. Shi ne abin da ake kira huce haushin kaza a kan dami. Mai gida ya dawo daga kallo ya tarar da tuwo, ya ce miya ba gishiri, alhali gishirin da ya ɓace a Ingila ya ɓace. Yaro ya zo da gudu zai nuna wa babansa littafin makaranta, a daka masa tsawa. Washegari yaron shago ya sha zagi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Abokai biyu da suka yi shekara ashirin suna cin abinci a kwano ɗaya su daina gaisawa saboda wani ya yi dariya lokacin da bai kamata ba. Ɗan wasan da ya zubar da ƙwallon yana can ya karɓi albashinsa ya yi barci. Uwargida da ba ta san sunansa ba ita ke biyan tara. Ko a wace kotu aka kai wannan shari'a, zalunci ne.

Kuma abin yana wuce tsawa. A Mayun 2009, bayan Barcelona ta doke United biyu ba ko ɗaya a wasan ƙarshe na zakarun Turai, 'yan sanda a jihar Ribas sun ba da labarin wani direba da ya afka da motarsa cikin masu murna, mutum huɗu suka mutu. A Kolombiya an harbe Andres Escobar a 1994, 'yan kwanaki bayan ya ci gidansu a gasar kofin duniya. Namu Sani Kaita ya sha barazanar kisa bayan jan katin da ya karɓa a wasan Najeriya da Girka a 2010. An aika wa Maguire barazanar bam a gidan da iyalinsa ke ciki a 2022. A Maris na shekarar, da Ghana ta hana mu zuwa Qatar, 'yan kallo suka farfasa filin wasa na Abuja, filin da da kuɗinmu aka gina shi. Duk waɗannan da "ƙauna" aka fara su. Ɗan wasa kuwa, komai albashinsa, ɗan wani ne. A ce bai iya ba, a ce a sayar da shi, wannan suka ce. A zagi uwarsa a waya, wannan rashin tarbiyya ne da ya sa jesi.

Akwai misalin da ya fi kowanne kusa da mu. A Oktoban 2025, a filin Sani Abacha na Kano, bayan Shooting Stars ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa an tashi kunnen doki, wasu 'yan kallo suka kutsa fili suka far wa alƙalan wasa da baƙi. Hukumar gasar ta ci Kano Pillars tara, ta cire mata maki, ta kuma raba ta da filinta. Wa aka taimaka? Ƙungiyar da ta ci lig a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, wadda ta faɗi a 2022 ta sha wuya kafin ta dawo, masoyanta ne suka ƙara mata nauyi da hannunsu. Mu kuma da ke zaune a Ibadan, washegari mu ne muka buɗe shaguna a tsakiyar magoya bayan Shooting Stars, mu ne aka riƙa tambaya, "Alhaji, me mutanenku suka yi haka?" Wanda ya jefa dutse a Kano bai san da mu ba, amma mu muka ji nauyinsa. Wannan kaɗai ya isa ya koya mana cewa fushin ƙwallo ba ya tsayawa a inda aka haife shi.

Sai abu na gaba da ba a son faɗa a fili: caca. Wani fushin da muke gani a gidan kallo ba na ƙauna ba ne, na kuɗin cefane ne da aka sa a takarda. Saurayi ya ɗauki abin da ya samu a yini ya ɗora a kan cewa ƙungiyarsa za ta ci, ta kuwa ƙi ci, sai ya fito yana zagin koci kamar zai yi kuka. Ba koci ne ya cuce shi ba. Mai goyon baya na gaske in an ci shi ya yi asarar farin cikin dare ɗaya. Mai caca ya yi asarar abincin gida, sannan gobe ya koma don ya rama. In muna son mu san ko fushinmu mai tsabta ne, mu fara cire takardar daga aljihu mu ga abin da ya rage.

In muna neman waɗanda za mu koyi zama da ƙungiya a wurinsu, ba sai mun je Ingila ba. Ga filin Lekan Salami nan a Adamasingba, da ƙafa ma ana zuwa. Shooting Stars ita ce ƙungiyar Najeriya ta farko da ta ɗauki kofin Afirka, a 1976, zamanin Segun Odegbami da Muda Lawal. Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, ya sa rigarta. Rabonta da kofin lig tun 1998. Ta faɗi a 2017, ba ta dawo ba sai 2021. Amma je ka ranar wasa ka ga tsofaffi da gangunansu, suna zagin shugabanni da Yarabanci mai zafi, suna kuma sayen tikiti. Ba su yi shiru ba, ba su kuma tashi ba. Muryarsu tana isa inda suke so, domin ƙungiyar a garinsu take. Wataƙila wani ɓangare na takaicinmu ya samo asali ne daga zuba zuciya gaba ɗaya a inda ba mu da ta cewa, muka bar ƙungiyoyin unguwa da na gida, inda naira dubu ɗaya ko jesi goma za su yi tasiri a gani da ido.

Ba za mu yi wa kowa alkawarin cewa haƙuri zai biya ba. Ana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo, amma a ƙwallo wani dutsen ba ya nuna. United ta jira shekara 26, daga 1967 zuwa 1993, ta dawo. Liverpool ta jira 30, ta dawo. Amma Nottingham Forest da ta ɗauki kofin Turai sau biyu a jere, 1979 da 1980, ta yi shekara 23 a wajen Firimiya, kuma da yawa cikin waɗanda suka ga zamanin ɗaukakarta sun mutu ba su sake ganin irinsa ba. Wanda ya zauna don yana lissafin cewa za a biya shi da kofi, ɗan kasuwa ne mai jiran riba, kuma zai iya yin asara. Ribar da ke hannu ita ce wadda zaman kansa ke bayarwa: mutum ya koyi shan kaye a gaban jama'a ba tare da ya zubar da mutuncinsa ba, ya koyi karɓar zolaya daga wanda ya taɓa zolaya, ya koyi cewa abin da yake so zai iya lalacewa ba tare da shi ya lalace ba. Ƙungiyar da ke ci kullum ba ta koyar da wannan darasi. Sai wadda ta ƙi ci.

Saboda haka ga ma'aunin da muke ba kanmu shawara da shi, 'yan United da 'yan kowace ƙungiya, tunda duniya rawar 'yan mata ce, na gaba kan koma baya. Ka ji haushi, halal ɗinka ne. Ka soki koci, ka soki masu ƙungiya, ka faɗi gaskiya ko da 'yan uwanka magoya baya ba su so. In an zolaye ka ka yi dariya ka biya bashinka, ranarka na zuwa. In abin ya fi ƙarfinka ka huta, babu wanda zai kama ka. Amma fushin nan ka bar shi a ƙofar gidan kallo tare da ɓawon gyaɗa. Kada ya bi ka gida, kada ya bi ka shago, kada ya shiga tsakaninka da maƙwabci, Bahaushe ne ko Bayarabe.

Mu kuma tuna da yaran da ke leƙe ta jikin labule saboda ba su da kuɗin shiga. Ba allon kaɗai suke kallo ba, har da mu. A wurinmu za su koyi abin da namiji ke yi idan abin da yake so ya ba shi kunya: ko ya gudu, ko ya fasa benci, ko ya girgiza kai ya miƙa wa abokin adawarsa hannu ya ce, "Yau taku ce, Malam, sai mun haɗu a zagaye na biyu." Allah Ya ba mu ikon nuna musu na ƙarshen.